Su Waye Alutiiq? Al'ummar Alaska Da Ke Fafutukar Dawo Da Harshenta

Alutiiq sunan wata al'umma ce ta 'yan asalin jihar Alaska ta ƙasar Amurka, can ƙuryar arewa maso yamma, inda Amurka ta kusa haɗa kafaɗa da Rasha. Mutanen bakin teku ne, masunta da mafarauta, kuma ba su da yawa, 'yan dubbai ne kawai. Abin da ya sa ake yawan ambaton su idan ana maganar ilimi shi ne harshensu. A cikin shekara ɗari da 'yan kai, ya tashi daga harshen da kowane yaro yake buɗe baki da shi, ya koma harshen tsofaffi kaɗai. Yanzu jikoki ne suke bin kakanni da biro da takarda da na'urar ɗaukar murya suna tsinto shi kalma bayan kalma. Ga bayanin su waye su, yadda harshen ya kuɓuce masu, da hanyoyin da suke bi don dawo da shi.

Sunansu da inda suke zaune

Suna biyu gare su. Na asali shi ne Sugpiaq, ma'anarsa mutum na gaskiya ko cikakken mutum, idan suna da yawa a ce Sugpiat. Shi kuwa Alutiiq daga bakin Rashawa ya samo asali. Da 'yan kasuwar Rasha suka zo, sun riga sun saba kiran mutanen wasu tsibirai da ke yamma da sunan Aleut, sai suka yi wa kowa kuɗin goro da wannan suna. Mutanen suka karɓi sunan suka lanƙwasa shi yadda bakinsu zai iya, ya zama Alutiiq. Har gobe ana amfani da duka biyun, wasu sun fi son wannan, wasu wancan.

Ƙasarsu ta kasu wuri huɗu, duk a bakin tekun kudancin Alaska: tsibirin Kodiak da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi, zirin ƙasar da ake kira Alaska Peninsula, ƙarshen zirin Kenai inda ƙauyukan Nanwalek da Port Graham suke, sai mashigin ruwan Prince William inda Tatitlek da Chenega suke. Kodiak shi ne tsibiri na biyu a girma a duk Amurka. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 9,000, wato ya ninka jihar Legas sau biyu da wani abu, amma duk mutanen yankin, 'yan asali da baƙi, ba su wuce 13,000 da 'yan kai ba a ƙidayar 2020. Ban da garin Kodiak akwai ƙauyukan Alutiiq guda 6 a yankin: Akhiok, Karluk, Larsen Bay, Old Harbor, Ouzinkie da Port Lions. Babu titin mota da ya haɗa su da gari, sai dai ƙaramin jirgin sama ko jirgin ruwa. Masu haƙar kayan tarihi sun gano cewa mutane suna zaune a Kodiak fiye da shekara 7,000.

Rayuwarsu ta gargajiya

Kamar yadda makiyayi komai nasa daga saniya yake fitowa, su komai nasu daga teku ne. Da rani kifin salmon yana baro teku ya shigo koguna tuli-tuli don ya yi ƙwai, a lokacin ne suke kama shi su shanya, su banda, su ajiye na cin hunturu. Suna farautar dabbobin teku masu kitse, su ci naman, su yi fitila da man, su yi jirgi da fatar. Ƙaramin jirgin mafarauci sunansa qayaq: ƙashin katako ne aka lulluɓe da fata aka ɗinke, aka bar rami ɗaya ko biyu na zama. Babban jirgin da ke ɗaukar iyali da kaya kuma angyaq.

Wani abin da zai burge duk wanda ya san aikin mahauta shi ne rigar ruwansu. Hanjin dabba suke wankewa, su hura shi ya bushe, su tsaga shi, sannan mata su ɗinka shi zubi-zubi da wani irin ɗinki da ruwa ba ya ratsawa. Rigar ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma mafarauci zai wuni cikin ruwan sama da feshin teku jikinsa a bushe.

Gidansu na da, ciqlluaq, rabinsa a cikin ƙasa yake, an kafa shi da itacen da teku ta turo, an rufe da ƙasa mai ciyawa saboda sanyi. Suna da ɗakin sirace da ake zuba ruwa kan duwatsu masu zafi, wanda har yau ana samunsa a bayan gidaje a ƙauyukan. Da hunturu ne lokacin bukukuwa, ana rawa da ganga, ana sa fuskokin katako da aka sassaƙa aka yi wa ado da gashin tsuntsu.

Yadda harshen yake

Suna kiran harshensu Sugt'stun ko Alutiit'stun, wato yin magana irin ta Sugpiaq ko irin ta Alutiiq. Ɗan uwan harshen Yup'ik ne na yammacin Alaska, kuma dangi ɗaya suke da harsunan Inuit na Kanada da Girinlan. Karin harshe biyu manya gare shi: Koniag na Kodiak da Alaska Peninsula, da Chugach na Kenai da Prince William. A cikin Kodiak ɗin ma maganar 'yan arewacin tsibirin ta ɗan sha bamban da ta 'yan kudu, kamar dai yadda Basakkwace da Bakano za su gane juna amma kowa da yadda yake faɗa.

Ginin harshen shi ne a ɗauki tushen kalma a yi ta ɗaura masa ɗafi a baya, har kalma ɗaya ta ɗauki abin da mu sai mun yi jimla guda. Misali, quyanaa na nufin na gode, idan aka ce quyanaasinaq ya zama na gode ƙwarai. Asirtua na nufin ina lafiya. Gaisuwarsu ita ce cama'i, ana furta ta kamar camai. Akwai kalmomin aro da yawa daga Rashanci. Shayi a wurinsu caayuq ne, daga cai na Rashawa, kuma idan aka bi diddigi tushensa ɗaya da shayi namu da muka aro daga Larabci.

Zuwan Rashawa

Abin da ya kawo Rashawa fatar wata dabbar teku ce mai kama da karen ruwa, wadda gashinta ke da laushi da tsada sosai a kasuwannin Sin. A 1784 wani ɗan kasuwa mai suna Grigory Shelikhov ya sauka a Kodiak da jirage da bindigogi. Mutane suka gudu suka fake a kan wani dutse a cikin teku kusa da tsibirin Sitkalidak. Shelikhov ya sa aka buɗe masu wuta, aka kashe ɗaruruwa, aka kama yara aka riƙe a matsayin garkuwa. Alutiiq suna kiran wannan wuri Awa'uq, ma'ana jiki ya mutu, mutum ya daina jin komai.

Daga nan aka tilasta wa maza fita farauta a cikin qayaq wata da watanni, mata kuma suna ɗinki da tanadin abinci wa kamfanin Rashawa. Gidaje suka rasa masu nemo masu abinci, yunwa ta shigo, cututtukan baƙi suka biyo baya. Annobar agana ta ƙarshen shekarun 1830 ta yi ɓarna har aka tattara waɗanda suka rage a cikin 'yan ƙauyuka kaɗan.

Amma duk da wannan azaba harshen bai mutu a zamanin Rashawa ba. Limaman cocin Otodoks da suka iso Kodiak a 1794 sun yi amfani da shi wajen wa'azi da koyarwa. A 1848 aka buga littafin koyon karatu da Linjilar Matta a harshen Kodiak da haruffan Rashanci, aikin wani mai suna Ilya Tyzhnov. Mutane da yawa sun zama masu harshe biyu, Alutiiq a gida, Rashanci a coci da wurin aiki. Har yau yawancin Alutiiq mabiya Otodoks ne, suna bikin Kirsimeti ranar 7 ga Janairu, kuma da yawansu sunan gidansu na Rashawa ne.

Zamanin Amurka da makarantar Turanci zalla

A 1867 Rasha ta sayar wa Amurka da Alaska kan dala miliyan 7.2, ba tare da an tambayi masu ƙasar ba. A 1882 aka kafa masana'antar sa kifi a gwangwani a bakin kogin Karluk, wasu suka biyo baya. Ma'aikata suka kwararo daga ko'ina, masunta daga ƙasashen Sikandinabiya suka auri matan Alutiiq, Turanci ya zama harshen neman kuɗi.

Babbar illar daga makaranta ta zo. Tun daga 1885, lokacin da aka naɗa Sheldon Jackson jami'in ilimi na Alaska, tsarin gwamnati shi ne a koyar da yaran 'yan asali da Turanci zalla. Aka buɗe makarantun gwamnati da na mishan, har da gidan marayu na 'yan Baptis a tsibirin Woody kusa da garin Kodiak a 1893. Dattawan da suka yi makaranta a ƙarni na 20 sun sha ba da labarin yadda ake dukansu da rula ko a wanke masu baki da sabulu idan suka yi harshensu.

To a nan ne igiyar ta tsinke. Yaron da aka daka saboda harshen uwarsa, da ya girma ya haihu, sai ya ƙi yi wa nasa 'ya'yan harshen, don kada su sha abin da ya sha, kuma don su samu aiki. Ba ƙiyayya ba ce, tausayi ne. Sai aka samu iyaye suna yin Alutiiq a tsakaninsu idan ba sa son yara su ji, su juya su yi wa yaran Turanci. 'Ya'yan suka tashi suna ji ba sa iya mayarwa. Jikoki kuwa ko jin ma babu. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka kafa sansanin sojan ruwa a Kodiak, dubban sojoji suka cika gari, Turanci ya ƙara samun gindin zama.

Masifu uku da suka watsa ƙauyuka

Harshe yana rayuwa ne inda masu shi suke zaune wuri ɗaya, kuma sau uku ana tarwatsa zaman Alutiiq a ƙarnin da ya wuce. A watan Yunin 1912 dutsen Novarupta ya yi aman wuta a yankin Katmai, aman da ya fi kowane girma a duniya a ƙarni na 20. Toka ta binne ƙauyuka, waɗanda suka tsira aka kwashe su suka kafa sabon ƙauye mai suna Perryville.

Ranar 27 ga Maris 1964 aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2, igiyar teku ta biyo bayanta. Ta share Chenega tare da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa. Ta rushe Old Harbor, wanda aka sake ginawa. Mutanen Kaguyak ba su koma ƙauyensu ba, na Afognak kuma aka gina masu Port Lions. Iyalai da dama daga nan suka wuce birane irin su Anchorage.

Ranar 24 ga Maris 1989 jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya daki dutse kusa da Tatitlek, ɗanyen mai kusan galan miliyan 11 ya malale, ya bi ruwa har gaɓar Kodiak. Kamun kifi da farauta suka tsaya, kuma a wurin waɗannan ayyukan ne yaro yake jin sunayen abubuwa daga bakin manya.

Sakamakon duk wannan, a ƙiyasin da masanin harsuna Michael Krauss ya fitar a 2007, masu jin harshen sosai ba su wuce 200 ba a cikin Alutiiq kusan 3,500. A wajen 2010 masu karin harshen Kodiak kusan 50 suka rage, dukkansu tsofaffi.

Farfaɗowa

Farkawar ta fara ne da maganar ƙasa. A 1971 Amurka ta yi dokar sasanta haƙƙin ƙasar 'yan asalin Alaska, aka bar masu eka miliyan 44 da dala miliyan 962.5, aka kafa kamfanoni mallakarsu, ciki har da Koniag na mutanen Kodiak da Chugach Alaska. Wannan ya ba su kuɗi da murya. A 1972 aka kafa cibiyar harsunan 'yan asalin Alaska a jami'ar da ke Fairbanks. Wani masaninta, Jeff Leer, ya zauna da dattawa ya tsara ƙa'idar rubuta harshen da haruffan boko, ya fitar da ƙamus na karin Kodiak a 1978.

Sannan suka shiga neman abin da aka kwashe masu. A 1991 cibiyar Smithsonian ta Washington ta mayar wa ƙauyen Larsen Bay ƙasusuwan ɗaruruwan kakanninsu da wani mai bincike, Aleš Hrdlička, ya haƙe a shekarun 1930, aka sake binne su. Daga cikin kuɗin diyyar malalar mai aka ware dala miliyan 1.5 aka gina gidan tarihi na Alutiiq a garin Kodiak, aka buɗe shi a 1995. Ƙungiyoyin 'yan asalin tsibirin ne ke tafiyar da shi, kuma shi ya zama cibiyar aikin harshe. Wani ɗan Old Harbor, Sven Haakanson, ya shugabance shi daga 2000 zuwa 2013. A zamaninsa, a 2008, aka aro fuskokin katako 34 daga wani gidan tarihi a garin Boulogne-sur-Mer na Faransa, waɗanda wani Bafaranshe, Alphonse Pinart, ya tattara a 1871 da 1872. Masassaƙan yau suka gan su ido da ido suka koyi yadda kakanninsu ke aiki.

Hanyoyin da suke koyar da harshen

Ta farko ita ce kalmar mako. Tun 1998 gidan tarihin yake fitar da kalma ɗaya kowane mako a gidan rediyon KMXT da jaridar garin: a faɗi kalmar da muryar dattijo, a sa ta a jimla, a yi ɗan bayanin al'adar da ke tattare da ita. Abu ne ƙarami, amma ya sa harshen da ake jin kunyarsa ya dawo ana jin sa a fili.

Ta biyu ita ce haɗa dattijo da almajiri, tsarin da aka fara a jihar Kalifoniya, su kuma suka ɗauka a shekarun 2000. Ana haɗa mai koyo da tsoho ko tsohuwa mai jin harshen, su riƙa zama tare sa'o'i da yawa a mako, suna girki, suna gyaran kifi, suna shan shayi, ba Turanci. Kamar dai yaron da ke bin maigidansa kasuwar kara, ba a allo yake koyon ciniki ba, a tsaye yake koya. Manufar ita ce a samar da matasa masu jin harshen waɗanda za su zama malamai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka koya a hannun dattawa, April Laktonen Counceller, ta yi digirin digirgir a kan wannan aiki, daga baya ta zama shugabar gidan tarihin.

Ta uku ita ce majalisar sababbin kalmomi da aka kafa a 2007. Tunda an daina yin harshen a kullum kafin kayan zamani su shigo, abubuwa da yawa ba su da suna. Sai dattawa su zauna, masu koyo na saurare, a kawo abu a yi ta muhawara: a gina masa suna daga tsohon tushe, ko a faɗaɗa ma'anar wata tsohuwar kalma, ko a duba yadda 'yan uwansu suke faɗa. Sai an yi ittifaki ake rubutawa. Wani amfanin zaman shi ne tsofaffin da suka daɗe ba su da abokin hira sun samu inda za su yi harshen, har kalmomin da suka manta suna dawo masu.

Ta huɗu ita ce makaranta, wato wurin da aka kori harshen tun farko. A 2010 ɗaliban babbar sakandaren Kodiak da kansu suka nemi a koya masu, hukumar makarantar ta amince. Kwalejin Kodiak, reshen jami'ar Alaska, ita ma tana ba da darussa da takardar shaida. Ƙabilar Sun'aq ta garin Kodiak ta buɗe ajin ƙananan yara da ake kira sheƙar harshe, inda ake yi masu wasa da waƙa da hira da Alutiiq, dabarar da Maori na ƙasar Niyu Zilan suka fara a 1982. Makarantun ƙauyuka suna da makon Alutiiq, inda ake ajiye darussan yau da kullum a koyi sassaƙa, ɗinki, saƙar kwando da rawa. Da rani kuma akwai sansanonin yara irin su Dig Afognak da Nuuciq.

Gwamnati ma ta motsa. A 2014 jihar Alaska ta amince da harsunan 'yan asali 20 a matsayin harsunan hukuma, har da Alutiiq. A 2018 gwamna Bill Walker ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan harsunan jihar.

Inda aka kwana

Gaskiyar magana, aikin bai ƙare ba. Dattawan da suka tashi da harshen suna ta raguwa duk shekara, kuma kowane ɗaya ya tafi da kalmomi da karin magana da babu wanda ya riga ya ɗauka. Yaro yana iya yin awa biyu a aji da Alutiiq, ya koma gida waya da talabijin da iyaye duk Turanci. Akwai kuma saɓani a kan wane kari za a koyar, na arewa ko na kudu, shi ya sa littattafansu sukan kawo duka biyun. Abin da aka samu dai shi ne an adana muryoyin dattawa, an rubuta ƙamus da littattafai, an samu matasa da suke iya hira, wasunsu har suna yi wa jariransu harshen a gida, abin da aka yi shekaru da yawa ba a gani ba.

Hausa ba ta cikin wannan hali, masu jin ta miliyoyi ne, hasali ma ita ce ke haɗiye ƙananan harsuna a wurare irin su Bauchi. Sai dai matakin da harshen Alutiiq ya fara zamewa mun san shi a nan kurmi. Akwai gidaje a Sabo da Agege da sauran zangonni inda uba zai yi wa yaro Hausa, yaron ya gane sarai amma ya mayar da Yarbanci ko Turancin buroka. Akwai kuma gidajen Fulani da yawa da kaka ce kaɗai ta rage mai Fulatanci. Su Alutiiq sai da suka nemi tallafin gwamnati, suka kafa kwamitoci, suka ɗauki shekaru sama da 20 kafin su samu 'yan matasan da za su iya hirar da kakanninsu suke yi kyauta a tsakar gida. Wanda har yanzu yake da tsoho a gida mai jin harshen, to ya zaunar da yaransa kusa da shi. Allah ya sa mu dace.